Ana cewa damuwa na sa rama, me ya sa ni take sa ni ƙiba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a unguwar Garin Malam, nan Damagaram. Shekaruna 38, ƴaƴana biyar. Shekara uku ke nan maigidana yana ci-rani a Libiya, aike wani wata ya zo, wani wata shiru. Tun daga lokacin, in yara suka kwanta tunani ya taso, sai in ga kaina gaban tukunya ina cin sauran shinkafa ko taliya, ko in aika tun magariba a sayo mini fanke da lemo in ajiye, alhali ba yunwa nake ji ba. Tsayina mita 1 da 60, nauyina ya tashi daga kilo 68 zuwa 84. Dangin miji har cewa suke hutu ne ya yi mini yawa. Shin damuwa na kawo ƙiba? Na fara barin karin kumallo da abincin rana, kuma ina so in sayi shayin rage ƙiba. Ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya buɗa wa maigida inda ya je, ya dawo da shi lafiya. E, damuwa na iya kawo ƙiba, kuma mata da maza da yawa a garin nan suna cikin abin da kike ciki, faɗa ne ba su yi. Barin abincin safe da na rana kuwa ƙara rura wutar zai yi, shayin kuma ki riƙe kuɗinki. Zan yi miki bayanin dalili dalla-dalla, domin in kin gane abin da ke gudana a jikinki za ki sassauta wa kanki zargin kwaɗayi, kuma zargin nan shi kansa yana cikin abubuwan da ke mai da ke gaban tukunya.

Masu cewa damuwa na sa rama sun faɗi abin da suka gani. Idan mummunan labari ya faɗo wa mutum farat ɗaya, rasuwa ko haɗari, jiki na sakin sinadarin adirenalin. Gaba ya yi ta faɗuwa, baki ya bushe, narkar da abinci ta tsaya, abinci ya fita daga rai. Shi ya sa a gidan makoki sai an yi ta lallashi kafin masu rashi su kai loma baki. Wannan ta kwanaki ce. Taki ta shekara uku ce, ba ki san ranar ƙarewarta ba, kullum ga lissafin cefane, ga kuɗin lakkol, ga wayar da ake jira ba ta shigo ba. Damuwa mai daɗewa irin wannan wani sinadari ne ke tafiyar da ita, sunansa kotizol, wanda wasu ƴan tsoka biyu da ke zaune a saman ƙoda suke fitarwa. Aikinsa shi ne ya tanadar wa jiki ƙarfi don jure wahala: yana ɗaga sukarin jini, yana buɗe ciki, yana karkata rai zuwa abin zaƙi da abin maiƙo. In ya daɗe yana sama, kitsen da ake tarawa ya fi zama a tumbi, kewaye da hanji da hanta, kuma wannan kitsen ne ya fi jawo ciwon sukari da hawan jini.

Mutane sun bambanta a nan, shi ya sa maƙwabciyarki mai irin matsalarki take ramewa ke kina ƙiba. A 2001 wata mai bincike a Amurka, Elissa Epel, ta buga sakamakon gwajin da ta yi da mata 59. An sa su ayyuka masu tayar da hankali, aka auna kotizol ɗinsu, sannan aka bar su da kayan ciye-ciye. Waɗanda kotizol ɗinsu ya fi tashi sun fi sauran ci a ranar matsin, alhali a ranar da ba a matsa musu ba cinsu bai fi na kowa ba, kuma su ne suka fi miƙa hannu ga zaƙi. Bayan shekara biyu, Mary Dallman da abokan aikinta suka nuna, daga binciken da suka yi a kan ɓeraye, cewa cin zaƙi da maiƙo na kwantar da wannan tashin hankalin na jiki na ɗan lokaci. Ke nan sauƙin da kike ji bayan fanken nan na gaske ne. Matsalarsa gajarta. Cikin ƙanƙanen lokaci ya gushe, tunanin ya dawo, ya tarar da nadama ta ƙaru a kansa. Ƙwaƙwalwa kuma ta riga ta haddace hanya: dare ya yi, gida ya yi tsit, zuciya ta yi nauyi, sai madafi. In an maimaita wannan wata da watanni, ƙafa ke kai mutum tun kafin ya yanke shawara.

Kada ki ɗauka samun sanyin zuciya a abinci abin kunya ne. A hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, Manzon Allah (SAW) ya ce talbina, wani kunu da ake yi da garin sha'ir, tana sanyaya zuciyar marar lafiya, tana tafiyar da wani ɓangare na baƙin ciki. Mu ma da abinci muke zuwa gaisuwa, da alkaki da nakiya muke biki. Inda abin ke zama cuta shi ne in abinci ya zama shi kaɗai ne mafitar damuwar mutum, kowane dare, a ɓoye. A ganina tarbiyyarmu na da hannu a nan. Mace tun tana ƙarama ake koya mata haɗiye magana. Ta kai kuka gida a ce ta yi haƙuri, ta faɗa wa ƙawa a ce ta tona asirin aurenta. Haƙuri abu ne mai daraja, amma wadda aka hana wa faɗin abin da ke cinta sai ta nemi abin da zai rufe mata baki, kuma abinci ne mafi kusa, ba ya kai rahoto. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To ita mai ƙiba fuskarta ta ciko, ba wanda zai tambaye ta, sai dai a ce hutu ya karɓe ta, kamar yadda dangin mijinki ke faɗi. Wannan maganar tasu tana ɓata mini rai, don na san yawan matan da ta sa suka yi shiru da ciwonsu.

Yanzu batun alaƙar wannan ci da nauyin jiki. Masana sun daɗe suna bibiyarsa. Tun a 1986 Tatjana van Strien da abokan aikinta a Holan suka tsara tambayoyi 33 na auna ɗabi'ar cin mutum, 13 daga ciki a kan cin da ɓacin rai ke jawowa, kuma har yau ana aiki da su a ƙasashe da dama. Binciken da ya fi kusa da halinki shi ne na ƙasar Finlan wanda Hanna Konttinen ta jagoranta, aka buga a 2019. An bi dubban manya tsawon shekara bakwai, aka ga masu alamun ƙuncin zuciya sun fi ƙara nauyi da faɗin ƙugu, kuma cin ɓacin rai na cikin hanyoyin da ƙuncin ke bi ya zama kitse. Abin ya fi ƙarfi ga masu gajeren barci. A ɗaya ɓangaren, da Catharine Evers ta jami'ar Utrecht ta tattara gwaje-gwaje da yawa a 2018, ta ga ba kowa ne ɓacin rai ke ƙara wa ci ba. Waɗanda ya fito fili cinsu na ƙaruwa su ne masu tauye wa kansu abinci don su rame. Ki lura da waɗannan biyun, ƙarancin barci da tauye ci, don duka kina cikinsu, kuma su ne kike da ikon gyarawa ko maigida bai dawo ba tukuna.

Tauye cin shi ne abin da na fi so ki bari daga gobe. An gano illarsa tun 1975, lokacin da wani mai bincike, Peter Herman, ya ba ɗalibai mata wani abin sha mai kauri na madara da sukari, sannan ya ajiye musu askirim. Waɗanda ba su takura wa kansu ba, da suka sha sai suka rage cin askirim ɗin, don sun ƙoshi. Masu takurar kuwa sai suka ƙara, tunda a ganinsu dokar ta riga ta karye, gara a ci a more. Kin san yadda ido ke yi a lokacin shan ruwa da azumi, musamman ranar da aka makara sahur: a tara ƙosai da kunu da lemo da soye-soye fiye da abin da ciki zai ɗauka. To haka kike yi wa kanki kullum in kin wuni ba ci. Dare na yi, yunwa ta gaske da damuwa suna haɗuwa a lokacin da kika fi gajiya, kuma babu ƙarfin halin da zai tare su biyun. Washegari ki tashi da haushin kanki, ki sake hana wa kanki karin kumallo don ramuwa, dare ya sake maimaita na jiya.

Barci kuma lissafinsa a jini yake. Ciki na fitar da sinadarin girelin mai kiran yunwa, kitsen jiki na fitar da leftin mai sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. A 2004, a jami'ar Chicago, an hana samari 12 barci sai awa huɗu a dare biyu jere. Leftin ɗinsu ya sauka da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya hau da kashi 28, kuma abin da ransu ya fi so shi ne zaƙi da kayan gari. Dare biyu kawai. Ki auna da Damagaram a watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, ana tashi tsakar dare tarbar ruwan famfo, ga waya a hannu ana duba ko saƙo ya shigo. In aka ƙara da shayin dare mai zagaye uku ko goro bayan isha'i, barcin ya ƙara nisa, sukarin shayin kuma ya shiga lissafi ba tare da an ɗauke shi abinci ba.

Ga inda nauyinki yake. Ma'aunin ƙiba da asibitocinmu ke rubutawa IMC ana samunsa ne in an raba kilo da tsayi sau tsayi. Naki 1,60 sau 1,60 ya ba da 2,56. Da kina kilo 68, ma'auninki 26,6 ne, kin ɗan haura iyakar 25. Yanzu da 84 ya kai 32,8, kuma daga 30 Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafa shi a matsayin ƙiba mai illa. Hukumar ta ce a 2022 manya miliyan 890 ne a duniya ke wannan mataki, kuma yawan ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Mu nan an fi saninmu da tamowar yara, ba mu manta yunwar 2005 ba, shi ya sa ake ganin ƙiba matsalar wasu ce. Amma a gida ɗaya ana samun yaro mai tamowa da uwa mai hawan jini, domin abinci mai araha da ke cika ciki, shinkafa da taliya da mai da sukari, yana ba da kitse ba ya ba da abin gina jiki. Ki samu tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai cibiya. Ga mace, haɗari na farawa daga santimita 80, yana tsananta daga 88. Hanya mafi sauƙin tunawa ita ce ƙugu kada ya kai rabin tsayi, ke naki rabin 80 ne. Kilo 16 a shekara uku bai kai rabin kilo a wata ba, kuma ba sai an cinye tukunya ake tara shi ba. Kwalbar lemo ƙarama na ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali iyakar da hukumar ta ba babba a yini duka wajen giram 50 ce. Ita da fanken dala ashirin kowane dare sun isa su yi wannan aikin. Abin da ƙaramar rara ta tara, ƙaramin gyara mai ɗorewa na iya sauke shi.

Shayin rage ƙiba yawancinsa ganyen filasko ne ko makamancinsa mai sa gudawa, wani kuma mai sa yawan fitsari. Ruwa da gishirin jiki yake fitarwa, sikeli ya nuna an ragu, a sha ruwa kwana biyu ya dawo. Kitse na nan, hanji ya saba da shi har ya kasa aiki sai da shi, wani kuma ba a san abin da aka zuba a ciki ba. Haka ma ƙwayoyin sha-ki-fashe da ake sayarwa a tebur, ko da ba ki ce kina sha ba, zan faɗa don masu karatu. Ɗaya daga cikinsu, deksametazon, ɗan'uwan kotizol ɗin nan ne da aka haɗa a masana'anta, mai ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Fuska ta kumbura, tumbi ya fito, ƙashi ya yi rauni, sukari da jini su hau. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, sai likita ya sauke mata a hankali.

Abin yi na farko shi ne ki dawo da cin sau uku a kan lokaci. Da safe koko ko kunu marar sukari da yawa da ƙosai kaɗan, ko ɗumame, ko ƙwai. Da rana ki ci ki ƙoshi, ki sa wake a gaba: shinkafa da wake wadda waken ya fi yawa, ɗan wake, dambu da zogale, kwaɗon rama ko kabeji da ƙuli-ƙuli. Furar gero da nono ba ta da laifi in ba a cika mata sukari ba. Wake da ganye da gero suna daɗewa a ciki, taliya da burodi kuwa nan da nan suke wucewa. Man girki ki riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba. Da dare ki zauna ki ci tare da yara, a kwano, kina kallon abin da kike ci. Sauran abinci kuma kada ya kwana a buɗe yana jiranki: ki auna girkin daidai bakin gida, abin da ya ragu a miƙa wa almajiri tun da wuri ko a rufe a ajiye don safe. Aiken magariba na fanke da lemo shi ne wurin da ya fi sauƙin yankewa, don a lokacin hankalinki na kwance. Abin da babu shi a ɗaki ƙarfe sha ɗaya na dare ba za a ci shi ba. Ban ce ki haramta wa kanki alkaki har abada ba. Ki ci ɗaya da rana cikin mutane, da daɗinsa, ya fi biyar a ɓoye. Azumin Litinin da Alhamis in kina yi don Allah ki ci gaba, da sahur, amma kada ki mai da shi horon kanki saboda cin jiya.

In abin ya taso da dare, ki tambayi kanki ko za ki iya cin tuwo da miyar kuka a yanzu. Yunwar ciki a hankali take zuwa, tana karɓar duk abin da aka samu, in an ƙoshi ta tafi. Ta zuciya farat ɗaya take zuwa, abu takamaimai take so, kuma ciki na cika ba ta tafi ba. In ta ciki ce, ki ci abu kaɗan ba tare da jin laifi ba, nono ko gyaɗa cikin tafin hannu. In ta zuciya ce, ki ba ta minti goma sha biyar kafin ki yanke hukunci. Ki yi alwala, ki yi raka'a biyu, ki faɗa wa Allah abin da sunansa, tsoro ne ko kewa ko fushi. Sha'awar tana hawa ne ta sauka da kanta. Wani dare za ki ci duk da haka, kuma ba komai, washegari ki karya kumallo kamar kullum. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta lokacin da abin ya zo, da abin da ya faru a yinin, tsawon mako biyu. Mata da yawa a nan suke gano cewa ba kowane dare ba ne, daren da aka yi waya aka yi cacar baki ne, ko daren da uwar miji ta zo, ko ƙarshen wata.

Duk wannan gyaran gefen tukunya ne. Ita damuwar tana bukatar kunnen da zai saurare ta. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, yaya ko inna ko malamar islamiyya, ki faɗa mata yadda kika faɗa mini. In rashin tabbas na kuɗi ne ya fi cin ki, ƴar sana'a ko adashi da zai sa cefanen mako bai rataya ga aike ba zai yi wa barcinki abin da magani ba zai yi ba. Tafiya a ƙasa ma magani ce ta ɓangare biyu, tana sauke damuwa tana gyara barci. Abin da ake so minti 150 ne a mako, wato rabin awa sau biyar, bayan asuba kafin rana ta yi zafi ko bayan la'asar. In za ki kasuwar Dole ko ziyara Birni, ki sauka daga kabu-kabu da saura ki ƙarasa da ƙafa, in da abokiyar tafiya ya fi. Kada ki sa wa kanki komawa 68 a wata biyu. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 a wurinki, cikin wata shida, ya isa ya taɓa hawan jini da sukari da ciwon gwiwa. Hawa sikeli sau ɗaya a mako ya wadatar.

Ina so ki je CSI, wato cibiyar kiwon lafiya ta unguwarku, cikin makon nan a auna jininki da sukarinki kafin ki karya. Sukarin da ya kai giram 1,26 a lita, in an maimaita ya tabbata, ciwon sukari ne, kuma yana iya daɗewa a jiki ba alama. In kina yawan jin sanyi, kasala, bushewar fata ko kumburin wuya, a duba maƙoƙo, don raunin wannan ƙullin na wuya ma na ƙara nauyi. Wasu magungunan na ƙara shi su ma, irin su allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu mata, da wasu magungunan ƙwaƙwalwa. Akwai kuma alamun da ba na so ki jinkirta a kansu. In kina cin abinci mai yawan gaske a zama ɗaya, kina jin ba ki iya tsayawa, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, wannan ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka ba matsayinsa tun 2013, kuma yana da magani. Haka in kina sa kanki amai bayan ci. In kuma kin yi mako biyu ko fiye kusan kullum zuciya a ƙuntace, abin da kike jin daɗinsa da ya fita ranki, kuka ba dalili, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya a ranar, ki nemi ya tura ki babban asibitin ƙasa na Zinder. Ranar da za ki je, ki tafi da littafin nan naki da kwalayen duk maganin da kike sha, har na gargajiya da na tebur, don likita ya ga komai a gabansa.